Sa ma mota fitilar LED ba tare da ka makantar da mutane ko ka faɗa hannun VIO ba

Jama'a barkanmu da war haka. Maganar fitilar LED ce, don yanzu kusan duk wanda ya sayi mota a Gusau, bayan ya juye mai ya duba taya, abu na gaba shi ne ya ce ma mai wayarin ya cire mai ƙwan nan mai jan haske ya sa fari. Ni ban hana ba, LED na da kyau, bai cin wuta sosai kuma in ka dace da mai kyau shina daɗewa, ga hanyoyinmu da ramu ga babura marasa fitilar baya ga shanu masu tsallaka titi, kowa na son ya ga gabanshi. Amma gaskiya mafi yawan waɗanda sunka sa ba ƙara gani sunka yi ba, ƙara kashe ma na gabansu ido kawai sunka yi, su kuma suna ta jin daɗi don gaban bamba ya yi fari fat. Hasken da ke zuba taku biyar gaban mota ba shi ne gani ba, hasali ma rage maka hangen nesa yake, don in kusa ya yi haske da yawa ido tsukewa yake, can gaba kuma ya koma maka duhu. Abin da ake nema shi ne hasken ya kwanta bisa kwalta can nesa, kuma ya tsaya ƙasa da idon mai tahowa.

Tukuna ma, ka tabbata ƙwan ne matsalar?

Kafin ka kashe ko sisi ka tsaya gaban motar da rana ka dubi gilashin fitilar. Yawancin motocinmu 'yan Kwatano ne, gilashin ba gilashi ba ne roba ce, ranar Zamfara kuma ba ta ragawa roba, shi ya sa za ka ga ta yi rawaya ta yi dishi-dishi. Irin wannan ko wane ƙwai ka sa a ciki watsewa hasken zai yi. A goge ta da sanfefa mai laushi da ruwa, a fara da lamba 1000 a gama da 2000 ko 3000, a bi da folish, sannan a fesa mata man kariya na sama wanda masu fenti ke sawa, in ba a fesa ba 'yan watanni za ta koma gidan jiya. Man goge baki da ake cewa shina yi, yana yi amma na ɗan lokaci ne. Sai ka leƙa ciki ka dubi kwanon, wato wurin nan mai ƙyalli bayan ƙwan, in ya ƙone ko ya fara ɓarewa to wanga kam ba gyara sai canjin fitila gaba ɗaya.

Abu na biyu wuta. Ka sa mai wayarin ya ɗora mita bisa batir mota na kunne, ya kamata a ga ƙarfin wutar tsakanin bolt 13.8 zuwa 14.4, sannan ya auna a soket ɗin fitilar ita kanta tana kunne. In ka ga bambanci mai yawa to wayoyi sun gaji ko at ɗin, wato wayar da ke haɗe da ƙarfen jikin mota, ya yi tsatsa. Ƙwan halojin, wato na asali mai zare, bai da haƙuri da ƙarancin wuta, in ta ragu da kashi 10 cikin ɗari haskenshi na iya faɗuwa da kusan kashi 30. Mutane da yawa da ke kukan fitila ba ta haske, goge gilashi da kankare at da sabon ƙwai na asali ya ishe su. Kuma don Allah a bar sa ƙwan nan mai wat 100/90 a wurin da kamfani ya ce 60/55, shi ne ke narkar da soket ya ƙona kwano.

Lambar ƙwan motarka

In ka duba duk wannan kuma har yanzu LED kake so, to ka san lambar ƙwanka, tana rubuce a gindin tsohon, ka ciro shi ka tafi da shi shago kar ka dogara da "ai duk ɗaya ne". H4 shi ne mai ƙafa uku, dim da ful duk a ƙwai ɗaya, shi za ka tarar a yawancin Hiace da tsoffin Hilux. H7 ya fi yawa a motocin Turai. 'Yan Amurka kuwa irin Corolla 2003 zuwa 2008 da Accord 2003 zuwa 2007 wadda ake ce ma EOD, dim ɗinsu 9006 ne ful kuma 9005, Camry 2007 zuwa 2011 ita dim ɗinta H11 ful 9005. Masu manyan motoci ku lura, tirela da tanka wutarsu 24 ce ba 12 ba, a duba kwali. In kuma motarka da fitilar zenon ta zo daga kamfani, irin su D2S ko D4S, wannan wani sha'ani ne daban, akwai wuta mai ƙarfin gaske a akwatinta lokacin tashi, ba abin sa hannu ba ne ga wanda bai sani ba.

Yanzu ga inda maganar take. Kwanon fitilar nan ba haka kawai anka lanƙwasa shi ba, an auna shi ne bisa ɗan zaren da ke ci cikin ƙwan halojin, zare siriri da bai wuce 'yan milimita ba, shina zaune wuri guda tak kuma shina ba da haske ta ko'ina. Kowane lungu na kwanon ya san inda zai ɗauki hasken zaren nan ya jefa shi bisa hanya. LED ba zare gare shi ba, 'yan ƙananan idanu ne manne a gefen allo, to in idanun nan ba su zauna daidai inda zaren yake zama ba, ko sun fi shi faɗi, ko allon ya yi kauri, kwanon zai jefa hasken inda ba a aike shi ba, wani sama cikin itace wani cikin idon ɗan kabu-kabu. Kamar ka ari tabaran likita na wani ne ka sa, gilashin lafiya lau idonka lafiya lau amma ba a auna su tare ba.

Shi ya sa fitila iri biyu ba ɗaya suke karɓar LED ba. Mai furojekta, wadda za ka ga wani dunƙulallen gilashi zagaye a cikinta, tana da ƙarfe a ciki da ke yanke hasken sama, don haka ko ƙwan bai yi daidai sosai ba ba ta cika damun mutane ba, iyaka wani lokacin hasken ya yi rami a tsakiya. Mai kwano zalla ita ce mai rigima, kuma ita ce a yawancin motocin haya da tsoffin motocin gida.

Wurin saye

Kwalin zai ce maka lumen, wato ma'aunin yawan haske, 30,000 ko 50,000, wat 200 ko 300, duk ka bar su da abinsu. Don ka samu ma'auni, H7 na halojin lumen 1,500 yake badawa, dim na H4 wajen 1,000, ful ɗinshi 1,650, kuma H7 na LED da kamfanin Osram ya yi wanda hukumar Jamus ta amince da shi bai kai wat 20 ba. To ƙaramin abu mai fanka kamar ta kwamfuta a ce wat 300, da ya narke tun a shago.

Ka buɗe kwalin ka riƙe LED ɗin kusa da tsohon ƙwanka gindi da gindi. Idanun su zo daidai tsayin zaren, su zama siraran layi ba faffaɗan tabo ba, su zama gefe biyu kawai, allon da ke tsakaninsu ya zama siriri iya siranta. Masu gefe huɗu da masu gefe shida da ake tallarsu da sunan sun fi haske su ne sunka fi kowa watsa haske, ka aje su. In H4 ne ka tabbata akwai 'yar garkuwar nan da ke rufe idanun dim ta gefe guda kamar yadda take cikin na asali, in babu ita to dim ɗinka da ful ɗinka duk ful ne.

Sai launi. K ɗin da ake rubutawa ma'aunin launin haske ne, halojin wajen 3200K yake shi ya sa yake ja-ja, yawancin LED na kasuwa 6000K zuwa 6500K, fari mai ɗan shuɗi. Duk abin da ya haura haka, su 8000K, kwalliya ce kawai ba gani. Mu nan da muke da hazo daga Disamba har Fabrairu, ga ƙurar da tirela ke tayarwa gefen hanya, ga ruwan Agusta bisa baƙar kwalta, farin nan mai shuɗi dawo maka yake a ido ya gajiyar da kai. In ka samu 4300K zuwa 5000K ni shi zan ce ka ɗauka, in kuma motar na da fitilar hazo a bamba ka bar ta rawaya.

Ka dubi bayan ƙwan kuma. Mai fanka ya fi sanyaya kanshi amma ƙura na kashe fanka, ranar da ta tsaya LED ɗin zai dishe ko ya mutu. Marar fanka ba ruwanshi da wannan amma bai kai wancan ƙarfi ba. Ko wanne ka ɗauka ka tabbata murfin bayan fitilar zai rufu, don abin da masu wayarin da yawa ke yi in ya ƙi shiga sai su jefa murfin cikin but su ce ba komai, akwai komai, wata biyu ƙura da ruwa sun cika kwanon. Akwai murfin roba mai zurfi da ake saidawa don wanga aiki. Kuma ka yi magana da mai shago tun kafin ka biya, "Alhaji in na gwada a bango bai yi layi ba zan dawo da shi", in ya ce a'a ka ƙara gaba.

Ɗaurawa

Kafin a cire tsohon ƙwai, da dare, ka samu bango mai fili a gabanshi wanda ƙasarshi ta miƙe ba gangare, ka tsaida mota, ka kunna dim ka zana ma bangon layin da hasken ya tsaya da alli ko gawayi, ka kuma sa alama a ƙasa inda tayoyi suke don ka dawo wurin daidai. Ka ɗauki hoto da waya. Wanga shi ne shedarka.

Ɗaurin kanshi ba wuya. Kashe mota ka bari ƙwan ya huce, cire soket, cire murfi, saki 'yar wayar da ke danne H4 ko H7, su 9006 da H11 kuma murɗawa ake hagu su fito. Yawancin LED zobensu na fita daban, ka fara zaunar da zoben a maƙale shi sannan ka zura ƙwan. Idanun su kalli hagu da dama, wato ƙarfe 3 da ƙarfe 9 na agogo, allon a tsaye, ba sama da ƙasa ba, in H4 ne kuma garkuwar na ƙasa. In ka jona bai kawo ba kar ka ce ya mutu, juya soket ɗin, wasu LED ba su karɓar wuta a juye. Ƙaramin akwatin da ke jikin wayar a ɗaure shi da abin ɗaure waya nesa da zafin inji, kar a bar shi shina lilo. Kuma kar ka yarda a yanke wayar mota a murɗa a naɗe da salatef, soket ya shiga soket.

Ka fara canza gefe ɗaya kawai ka koma bango ka kwatanta da ɗayan. Nan take za ka gane ko ka yi sayayya ko an saida maka.

Abubuwa biyu na iya tasowa. Motocin Turai na baya-bayan nan kwamfutarsu na auna wutar da ƙwai ke ja, da ta ga ta yi kaɗan sai ta kunna maka alama a dashbod ko fitilar ta riƙa ƙyaftawa, maganinshi ɗan akwatin da ake ce ma kanbos, a tambaya wurin saye. Na biyu, Toyota 'yan Amurka da yawa ƙwan ful suke kunnawa da ragaggiyar wuta a matsayin fitilar rana, in ka sa LED a wurin sai ya riƙa rawa ko ya kama da cikakken ƙarfi da rana tsaka. Shawarata a irin waɗannan ka canza dim kawai ka bar ful da halojin ɗinshi. In rediyo ya fara shiii da ka kunna fitila kuwa, alamar ɗan araha ne ka kwaso.

Saiti, wanda kowa ke tsallakewa

Iskar taya ta zama daidai, but ba kaya, mutum ɗaya zaune a kujerar direba. Ka matso da mota dab da bango ka sa alama daidai tsakiyar kowace fitila, ko ka auna tsayinta daga ƙasa da tef ka mayar a bango. Sai ka yi ribas a miƙe har mita 10. Kunna dim. Layin da ya raba haske da duhu ya kamata ya sauka ƙasa da alamarka da wajen santimita 10, wato kashi 1 cikin ɗari, kuma in ka duba saman fitilar motocin Turai za ka ga an rubuta 1.0% ko 1.2%, to wannan lambar ita ce, 1.2 na nufin santimita 12 a mita 10. Masu 'yar Amurka su kan auna ne a ƙafa 25, wajen mita 7 da rabi, layin ya sauka kamar inci 2. Bayan fitilar akwai kusar saiti, sukundireba mai tauraro ko ƙaramar sifana ke juya ta, ka rufe fitila ɗaya da kwali ko mutum ya tsaya gabanta ka saita ɗayar, kar ka lulluɓe ta da tsumma ka manta.

Abin da za ka duba ba tsayi kaɗai ba ne, ka duba ko akwai layin ma. In sama da layin duhu ne sosai, alhamdulillahi. In kuwa hasken ya fantsama har saman bango ba ka iya cewa ga inda ya tsaya, ka ɗan juya ƙwan cikin zobenshi ka gani, in ya ƙi to ƙwan nan bai dace da kwanonka ba kuma ba kusar da za ta gyara shi, dunƙufar da fitilar ƙasa da wasu ke yi don a daina yi musu filashin kawai rage ma kansu gani suke.

Akwai wani abu da ba kowa ya lura da shi ba. Layin dim ba a miƙe yake ɗoɗar ba, gefe ɗaya na ɗan hawa sama don ya haska bakin hanya da allunan titi. Mu tun 1972 munka koma tuƙi ta hannun dama, don haka hawan nan ta dama ya kamata ya kasance. Motar da anka shigo da ita daga Ingila ko Japan anka juya mata sitiyari, in ba a canza fitilunta ba, hawan nata ta hagu yake, wato kai tsaye cikin idon mai tahowa. Ka sa ma wannan LED ka ga ta'asa. Ita sai an canza fitilun duka biyu.

Direbobin Sharon da Golf kuma, kun saita fitila mota ba kaya, kun je kasuwar Tsafe ko Talatar Mafara kun danƙara buhuna a baya, gindi ya zauna hanci ya ɗaga, dim ya koma ful. Yawancin motocin Turai na da ɗan maɓalli mai juyawa kusa da makunnin fitila an rubuta 0, 1, 2, 3, aikinshi kenan, in ka yi lodi ka murɗa shi fitilar ta sunkuya. In ya mutu a gyara shi.

Daga ƙarshe ka ba wani motar ya zauna, kai ka taka can gaba kamar mita 30 ka ɗan rusuna daidai tsayin mai ƙaramar mota ka kalle ta. In kai mai ita ka kau da kai, ka san sauran.

Ɓangaren hukuma

Masu duba lafiyar mota su ne VIO, na jiha ne, su ke ba da takardar shedar lafiyar mota da ake sabuntawa tare da sauran fatikula. Sai 'yan Rod Sefti, FRSC, hukumar tarayya da anka kafa a 1988, masu aiki da dokarsu ta 2007 da ƙa'idojin hanya na 2012, a nan cikin gari kuma ga ZAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jihar Zamfara. A ɓangaren fitila abin da ake dubawa sananne ne: duka biyun na kamawa, dim na yi ful na yi kuma akwai bambanci tsakaninsu, gilashi bai fashe ba, gaba fari ko mai ɗan rawaya, baya ja, sigina ruwan lemu, fitilar birki da ta lamba na aiki. Mota mai ido ɗaya laifi ce, kuma LED ɗan araha ya fi kowa saurin maida mota mai ido ɗaya. In kana shiga Abuja ko Legas ka sani suna da wuraren gwajin mota da na'ura, akwai wadda ake turowa gaban fitila ta auna tsayin hasken da yanayin layinshi, ita ba ta san "ai sabo ne yallaɓai" ba.

Wasu za su ce ai kotu ta hana VIO tare mota. Hukuncin da Babbar Kotun Tarayya ta yanke a Oktoban 2024 a kan na Abuja anka kai ƙara, kuma maganar tsaida mota da kamawa da cin tara a kan titi ce, bai ce ka yi yawo da mota marar lafiya ba, bai kuma taɓa Rod Sefti ba.

Don ka ga ba mu kaɗai abin ya dama ba, a Ingila tun 2021 motar da anka sa ma LED cikin fitilar halojin faɗuwa take gwajin shekara, sai tsoffin da sunka fara hawa titi kafin Afrilun 1986. Jamus kuma daga 2020 ta fara amincewa da wasu ƙwayaye ƙalilan, su ma ba a kowace mota ba, an gwada su mota-mota an fitar da jeri, in taka ba ta ciki ba ka da izni. Wato su ma sun yarda LED na iya yi, amma sai an gwada shi da kwanon da zai zauna.

Sandar LED ɗin nan doguwa da ake ɗaurawa bisa rufi ko bamba ba ta da dim ba ta da layi, ta daji ce da gona, in dole sai ka sa to a ba ta makunninta daban da rile da fiyus ɗinta, kuma a kashe take cikin gari da duk inda mota ke tahowa. Mai walƙiya shuɗi da ja kuwa ta jami'an tsaro ce da motar asibiti, a halin da jihar nan ke ciki ba abin da farar hula zai liƙa ma motarshi ba ne. Haka in ka doso shingen jami'ai bayan duhu, a hanyar Funtuwa ne ko ta Sakkwato ko ta Kauran Namoda, tun daga nesa ka koma dim ka rage gudu ka kunna fitilar ciki, mutumin da ke tsaye da bindiga cikin dare bai ganin ko waye ke tahowa ba wanda za ka haske ma fuska ba ne.

Tsoffin ƙwayayenka kar ka bar ma yaran gareji, ka naɗe su a takarda ka sa a kwalin LED ɗin ka aje cikin mota tare da fiyus biyu. In ɗaya ya mutu a hanya ko anka ce sai ka cire, minti goma ka mayar, kawai wurin mayarwa ka riƙe shi ta gindi, maiƙon yatsa in ya taɓa gilashin halojin shina sa shi ƙonewa da wuri.